Taswirar harajin nan da kuke ta turawa, wa ya duba alƙalumanta?

Jama'a don girman Allah a daina tura taswirar nan haka. Kun san wadda nake nufi, wadda aka shafa wa Legas kore shar aka bar Nasarawa fari fat da sifili a kanta, tun jiya take yawo a guruf guruf kowa na ɗora nasa, wasu na zagin mutanen Lafiya da Keffi wai ko kwabo ba sa biya, wasu kuma sun samu abin da suke so suna ta cewa dama Arewa cima-zaune ce. Zagi kam mun saba da shi. Abin da ya ɓata min rai shi ne wanda ya haɗa abin nan bai tsaftace alƙalumansa ba, ya kwaso teburi daga intanet ya watsa a kan taswira ya zaɓi kala mai kyau ya sake mana, kuma masu ilimi har da malaman jami'a suna ta dannawa suna turawa.

Jihar da ke maƙwabtaka da Abuja, da Mararraba da Karu da Masaka cike maƙil da ma'aikata da 'yan kasuwa, a ce harajinta sifili ne kuma hankalin mutum ya ɗauka? Duk wanda ya taɓa zama gaban manhajojin sarrafa alƙaluma irin su R ko Python yana aikin jihohin Najeriya ya san daga inda wannan sifilin yake fitowa. Hanya biyu ce. Ta farko sunan jihar, wani fayil zai rubuta Nasarawa da s ɗaya, fayil ɗin iyakokin taswira kuma ya rubuta Nassarawa da s biyu, kai kuma ka ce wa kwamfuta ta haɗa su da left_join, umarnin da ke haɗa teburi biyu bisa suna, ita ba ruwanta, ta duba ba ta ga sun yi daidai ba sai ta bar gurbin ba komai. Ta biyun ma ta fi ɓoyuwa, lambar Nasarawa a tsarin ISO, wato tsarin lambobin ƙasashe da jihohi na duniya, ita ce NG-NA, idan aka yanke NG ɗin aka bar NA kaɗai to R da pandas (kayan aikin teburi na Python) duka suna karanta NA a matsayin babu bayani, jiha guda ta ɓace tun wajen buɗe fayil. 'Yan Namibiya ma haka suke fama a taswirorin duniya. Daga nan sai gwanin naka ya ga gurbi ya dame shi, ya rubuta layi ɗaya ya mayar da duk gurbin da ba komai zuwa sifili don taswira ta cika. Shikenan an gama da mutane.

Gurbi ba sifili ba ne. Gurbi yana nufin ban samu ba, sifili yana nufin na duba na tabbatar babu, kuma wanda bai san bambancin waɗannan biyun ba bai kamata ya taɓa alƙaluman haraji ba balle ya yi wa jihohin mutane fenti da su.

Kuma abin haushin maganin bai kai minti biyu ba. Ka gama haɗawa ka ƙirga layuka, dole ka ga 37, jihohi 36 da Abuja. Ka kira umarnin anti_join ya nuna maka sunayen da suka ƙi haɗuwa, nan take za ka ga Abuja wani wajen FCT wani wajen Federal Capital Territory, Akwa Ibom da karan tsakiya da babu, Cross River da aka ƙara wa s a ƙarshe, Katsina da mai buga takarda ya juya ya zama Kastina, ko suna mai ɗauke da fili a bayansa wanda ido ba ya gani amma kwamfuta tana gani. Ga kuɗi an rubuta da waƙafi da alamar naira sai R ya ɗauke su a matsayin rubutu ba lamba ba. Ga jiha ɗaya a miliyoyi wata a biliyoyi a shafi ɗaya. Ga rabin shekara an jera shi da cikakkiyar shekara. Wannan fa shi ne aikin, kamar tsintar shinkafa ne kafin a ɗora tukunya, ba wanda zai yaba maka amma idan ka tsallake haƙorin wani ne zai biya. Zana taswirar da kayan zane na R, wato sf da ggplot2, ɗalibin da ya yi sati biyu yana koyo ma zai yi.

In ka sauko ƙananan hukumomi 774 kuwa nan ake yin ta. Akwai Nasarawa a Kano akwai Nasarawa a jihar Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Ka haɗa da suna kaɗai ba ka haɗa da jiha ba sai layukanka su haura 774, kuɗin Surulere ta Legas ya je ya zauna a Oyo, taswira kuma ta fito fes ba abin da zai nuna maka an yi ɓarna. Shi ya sa masu aikin na gaskiya suke haɗawa da lambar da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma ba da suna ba.

Wani ya shigo min yana cewa ai malam kuskure ɗaya ne sauran jihohin duk daidai suke. Wa ya ce maka? Mutumin da bai lura jiha guda ta ɓace masa ba ni zan yarda ya duba sauran? A'a. Wani kuma wai ai saƙon ne muhimmi ba lissafin ba. To saƙon daga ina ya fito in ba daga lissafin ba?

Sannan ku duba kan taswirar, an rubuta wai yawan kason harajin da kowace jiha ke biya. Wane kaso? VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da hidimar da aka saya, kashi 7.5 ne a ko'ina a ƙasar nan tun Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5, mutumin Gusau da na Ikeja kaso ɗaya ake cire musu, in taswirar kaso za ka yi kala ɗaya za ka shafa tun daga Sakkwato har Fatakwal. Harajin albashi ma dokar tarayya ce ta tsara matakansa, jihohi karɓa suke yi. Abin da ya bambanta shi ne nawa aka tara da kuma inda aka rubuta an tara, kuma a nan ne aka daɗe ana rigima, tun hukuncin kotun tarayya ta Fatakwal kan wanda ke da ikon karɓar VAT a Agustan 2021 lokacin Wike yana gwamnan Ribas, har zuwa 2024 da gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da tsarin rabon VAT na ƙudirorin harajin Tinubu kafin a gyara ya sa hannu a Yunin 2025. Mai shago a Gusau ya sayi katin waya, ya yi tiransifa a banki, an cire masa VAT, amma hedikwatar kamfanin tana Legas can ake shigar da kuɗin, sai teburi ya nuna kamar Zamfara ba ta taɓuka komai ba. Wanda zai zana wannan dole ya rubuta a ƙasa cewa wannan wurin da aka shigar da kuɗi ne ba wurin da aka kashe ba. Bai rubuta ba.

Kuma kar wani ya ce ina kare Arewa ne. Wallahi ni na fi kowa son a fito da alƙaluman nan tsirara, rahoton kuɗin shiga na cikin gida da hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ke fitarwa kowa na iya saukewa ya gani, Legas ta yi wa kowa fintinkau kuma jihohinmu da yawa suna can ƙasa, in aka tsayar da kason kuɗin da ake rabowa daga Abuja albashi ma sai ya gagara, wannan abin damuwa ne kuma ya kamata mu riƙa tsare gwamnoninmu da shi. Amma da lamba mai tsafta za ka tsare su. Ranar da ka je da taswira mai sifilin ƙarya kwamishinan kuɗi zai nuna wannan sifilin kaɗai ya watsar da duk sauran gaskiyar da ka zo da ita, kuma ba yadda za ka yi da shi. Ƙannena masu koyon wannan sana'ar ku nake ji wa, kuna da hazaƙa, kuna kwana kuna koyo da data mai tsada da wuta mai ɗaukewa, don Allah kar gaggawar samun masu dannawa ta sa ku tsallake wajen da ya fi muhimmanci. Ku ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa. Inda ba ku samu ba ku bar shi toka-toka ku rubuta ba a samu ba. Ku faɗi shekarar da inda kuka ɗauko. In kun raba da yawan jama'a ku faɗa cewa hasashe ne don rabonmu da ƙidaya tun 2006.

Af, tunda ana maganar, su kuma ma'aikatun jihohi masu ɗora rahoton kuɗi a intanet a matsayin hoton takarda da aka yi sikanin a karkace, da hatimi a kan lambar da kake nema, me muka yi muku? Ai a Excel kuka rubuta shi kafin ku buga, ku ɗora Excel ɗin mana. Mutum ya zauna yana kwafe lamba ɗaya bayan ɗaya da hannu bai san ko 3 ce ko 8 ba. Duk wanda yake da rahoton kuɗin shiga na ƙananan hukumomin jiharsa wanda ba hoto ba ya turo min ta inbos, musamman Jigawa da Kebbi.