Samari, ku daina ara wa masu mulki bakinku

Jiya da la'asar a tashar mota ta Jibiya na ga abin da ya hana ni barci. Samari biyu, ɗaya ɗan gari, ɗaya ɗan Maraɗi, har sun cakumi kwalar juna. Na ɗauka bashi ne ya haɗa su. Ashe wannan ne ya ce 'yan Najeriya bayin Faransa ne, wancan ya mayar masa da cewa 'yan Nijar mayunwata ne masu cin arzikinmu. Da Hausa suke zagin, da karin harshe ɗaya, kuma na tabbata in aka bi salsala ba za a rasa kaka ɗaya a tsakaninsu ba.

Ƙannena, don Allah faɗan wa kuke yi? Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, wa ya tambaye ku? Da ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka garƙame iyaka har watan Maris na 2024, wa ya nemi shawararku? Amma albasar wa ta ruɓe a cikin manyan motoci tsakanin Illela da Ƙonni? Uwar wa ta nemi magani ta rasa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Disambar 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya fito da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta. Ku kuma kuka ɗauki abin kamar an zagi iyayenku, kowa ya kafa waya a gabansa yana zazzaga ashar a TikTok. Ba a yi wata huɗu ba ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya sauka Yamai, aka yi musabaha, aka ɗauki hoto. Su sun zauna sun gaisa. Ku har yau kuna gaba da abokin cinikinku na shekara goma.

Ni ban yarda da kowannensu ba, mai kaki ne ko mai babbar riga. Mai mulki in ciki ya ɗuri ruwa a gida, maƙwabci yake nunawa da yatsa don a manta da tsadar masara. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kuke karɓar wannan aiki kyauta, da kuɗin datar da kuka roƙa. 

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da 'yan bindiga suka kori mutanen Sakkwato da Zamfara daga ƙauyukansu, jihar Maraɗi suka nufa, talakawan can suka raba ɗan gerensu da su. Mutanen Borno kuwa Diffa ce ta rufa musu asiri. Yau jikokin masu wannan karamci kuke kira mayunwata? Ku ji tsoron Allah, ku riƙe harshenku.

A da, mahaifina kan tashi daga nan ya je Tsibiri ta jihar Maraɗi gaisuwar mutuwa, ya kwana uku, ba wanda ya tambaye shi ɗan wace ƙasa ne. Yaro ba ya ɗaga murya in da babba a wurin. Jiya dattijon da ya shiga rabon faɗan nan, hularsa ce ta faɗi ƙasa, kuma cikinsu babu wanda ya sunkuya ya ɗauko masa.