Kantin da ba haraji a filin jirgi: akwai iyaka

Mutanenmu da yawa a Nima da Sabon Zongo sun ɗauka duk abin da aka saya a kantin diyuti-firi ya tsira daga kwastam har abada. Ba haka ba ne.

A ɗauki tsibirin Morishus, inda akwai irin wannan kanti tun wajen sauka. Kana sayayya ne kafin ka isa teburin kwastam, kuma rangwamen na kayan amfanin kanka ne, iya adadin da dokar tsibirin ta yanke. Ƙaramar kwalbar turare ɗaya ba matsala. Katan guda kuwa ya zama haja. Sai ka bi jar ƙofar kwastam, ta masu kayan bayyanawa, ka bayyana. Wanda ya bi koriyar ƙofa, ta marasa abin bayyanawa, da shi, tara ko ƙwace ke jiransa. Ka tambayi adadin kafin ka biya, ka adana rasit.

Sannan harajin can aka yafe maka, ba na Gana ba. Idan ka dawo Accra, kwastam ɗinmu da nasu lissafin.

Inda aka fi asara shi ne wajen dawowa. Turaren da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Leda mai hatimi da kantin ke rufe kayan da ita, da rasit a ciki, tana kare wanda ya saya a hanyarsa ne, bai buɗe ba, yana canjin jirgi a Nairobi ko Dubai. Kai da ka saya wajen sauka, ka kwana biyar a gari, naɗe kwalbar cikin tufafi, ka sa a babban akwatin da za a auna.