Zafin ran mai in'ina, wa ya hura shi?

A Kaduna, kamar sauran garuruwanmu, an daɗe da yanke wa mai in'ina hukunci: wai zuciya gare shi, abu kaɗan sai ya hasala. Ban yarda cewa da wannan zuciyar aka haife shi ba. Yaron da tun yana aji ɗaya ake kwaikwayonsa, malami ya ce masa "kai zauna, kana ɓata mana lokaci", a gida kuma yayye su ƙarasa masa magana kafin ya kai rabi, don ya tashi da fushi ai ba abin mamaki ba ne.

In'ina ba aikin aljanu ba ce, kuma cakulkulin da ake hana yi wa jariri ba ya kawo ta. Tana tasowa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana, kuma tana bin jini. A 2010 masu bincike a Amurka suka gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a wasu iyalai na Pakistan. Galibi tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kusan yara 5 cikin 100 kan yi ta, yawancinsu ta wuce da kanta, sai kamar mutum 1 cikin 100 ya girma da ita, maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Wani kuma sai da girmansa take samunsa, bayan shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a kai. Tsoro yana tsananta ta, amma ba shi ne tushenta ba.

Dabarun masu ita kuwa sai wanda ya lura. Wani zai shiga Keke a Kawo, sunan unguwarsu ya maƙale masa, sai ya ambaci wadda ke gaba, ya sauka ya dawo a ƙafa. Wani ba ya ɗaga waya, sai dai ya turo saƙo. Amma wannan mutumin, in ana karatu baki ɗaya a islamiyya ko yana rera waƙa, sau da yawa harshensa ba ya ko tuntuɓe. Shi ya sa masu gyaran magana ke koyar da sassauta magana da shiga kalma a hankali.

Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah, a Suratu Ɗaha, Ya warware ƙullin harshensa, kuma da wannan harshen aka aike shi ga Fir'auna. Mu kuwa har yanzu abin dariya muke mai da shi a wasan kwaikwayo.

Iyaye su daina "nutsu mana, yi magana da kyau", don ƙara masa nauyi suke yi. A dube shi, a jira ya gama. Idan abin ya haura wata 6, ko yaro ya fara matse fuska yana gudun magana, a nemi ƙwararren mai gyaran magana. A nan cikin gari ana iya fara tambaya a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa.