A Bar Wa Tsohuwar Tarakta Maganetonta

Wata ɗabi'a ta shigo wa masu riƙe da tsofaffin taraktocin fetur, kuma ta fara isata. Inji ya yi gardamar tashi sau biyu, shi ke nan an yanke wa maganeto, na'urar da ke ba fulogi wuta, hukunci. A kwance shi a wurga cikin tarkace, a ɗora distiribita da koyil, a mayar da wutar zuwa volt 12, wani ma ya ƙara da ɗan akwatin lantarkin nan da ke maye gurbin kontak, wato ƙananan ƙarafan nan biyu masu haɗuwa da rabuwa su katse wuta. Masu sayar da kayan gyara sun haɗa komai a kwali ɗaya, masu ɗora bidiyon gyara a YouTube kuma suna ta kiran abin zamanantarwa, kamar duk wanda ya bar maganeto a jikin taraktarsa bai waye ba.

To, a tsaya tukuna. Me maganeto ya yi?

Maganeto shi ke haifar da wutarsa da kansa. Maganaɗisu ne a cikinsa yake juyawa kusa da naɗin waya, kontak ya buɗe a daidai lokacinsa, wuta mai ƙarfi ta fita zuwa fulogi. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da caji. Tun 1902 Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch na Jamus, ya fito da irin wannan mai ba fulogi wuta kai tsaye. Distiribita kuwa rabo kawai ta iya, ba ta da wutar kanta. Tsarin da Charles Kettering ya ƙirƙiro ne, aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910: batir ya ba koyil wuta, koyil ya ɗaga ta, distiribita ta rarraba wa silinda ɗaya bayan ɗaya. Duka-duka shekara 8 ke tsakaninsu. Saboda haka mai cewa yana cire tsohon yayi ya sa na zamani, dattijo ya cire ya sa dattijo.

Abin da masu wannan sauyi suka ƙi dubawa shi ne yadda tsohuwar tarakta take rayuwa a yau. Ba kullum take aiki ba. Ta yi huɗa ko jan tirela na ɗan lokaci, sai a ajiye ta a rumfa ta yi watanni babu mai taɓa ta. Me ke fara mutuwa a jikin injin da aka ajiye? Batir. Ranar da aiki ya taso, mai distiribita zai murɗa makulli ya ji shiru, ko sitata ta yi ɗan nishi ta tsaya. Ko da batirin na da ɗan sauran rai, sitata ce ke zuƙe shi a daidai lokacin da koyil ke neman wuta, sai tartsatsin ya fito a raunane. Mai maganeto kuwa ya kama hannun murɗa inji, ko ya gangara da ita daga tudu, ta tashi. Ko babu batir a jikinta kwata-kwata za ta wuni tana aiki.

Ba a banza kamfanin Ford ya koma wa maganeto da hannun murɗawa ba a wasu taraktocin 2N na 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa tagulla da roba suka yi wahalar samu. An cire batir da sitata, har tayoyin ma na ƙarfe aka sa, kuma gonaki ba su fasa nomuwa ba. Farmall H da M na kamfanin International Harvester, waɗanda suka fito a 1939, da maganeto samfurin H4 suka zo. Taraktocin John Deere masu silinda biyu sun yi shekaru suna aiki da na Wico da Fairbanks-Morse. Kuma har gobe yawancin ƙananan jiragen sama masu injin fistin, irin su Cessna 172, maganeto biyu ne a jikinsu, matuƙi ya gwada kowane ɗaya kafin ya bar ƙasa. Mutumin da ransa ke rataye a sararin samaniya ya amince da shi, amma wai ya yi wa mai huɗar gona tsufa.

Za a ce ai maganeto wutarsa ba ta da ƙarfi idan inji na juyawa a hankali. Gaskiya ne, kuma an magance wannan tun kafin a haifi masu faɗar. Duk wanda ya taɓa murɗa irin wannan inji da hannu ya san ƙarar nan, ƙas!, da ake ji kafin ya kama. Wani ɗan haɗi ne mai sifirin a bakin maganeton. Idan ana murɗawa a hankali sai ya riƙe sandar cikin, sifirin ya ɗaure tamau, sannan ya sake ta farat ɗaya, maganaɗisu ya wulwula da gudu, tartsatsi ya fito shuɗi. Yana kuma jinkirta wutar har fistin ya kai ƙoli, don kada inji ya mayar da hannun murɗawa baya ya karya wa mutum wuyan hannu. Idan aka daina jin ƙarar nan, yawanci tsohon mai ne da datti suka daskare a ciki. Wanki yake so da ɗigon mai, ba jana'iza ba.

Haka sauran laifuffukan da ake ɗora masa. Kontak ya yi tsatsa ko tazararsa ta goce (a H4 inci 0.013 ake so, kuma mutum nawa ne cikin masu kwancewar suka taɓa aunawa?). Kondensa ta gaji. Koyil na ciki ya tsufa, sai inji ya tashi lafiya da sanyi, da ya ɗau zafi ya mutu. Danshi ya shiga murfi. Wani ya sa masa wayoyin fulogi na mota masu zaren gawayi a ciki, alhali maganeto wayar tagulla yake so. Maganaɗisun kansa idan ya yi rauni ana sake masa ƙarfi. Sau da yawa ma cutar ba ta nan, tana cikin kafireta da tsohon fetur ya toshe. An bar jaki ana dukan taiki. Abin dariyar shi ne distiribitar da aka gudu wajenta ita ma tana da kontak, tana da kondensa, tana da murfi mai shan danshi, sannan ta zo da nata kayan: batir, caji, makulli, da wayoyin da ɓera zai ci. Ka manta makulli a kunne ka tafi, ka dawo ka tarar kontak ya ƙone ko koyil ya dafu. Ka sa batir mai volt 12 a kan koyil na volt 6 ba tare da resista ba, kwanansa ƙirgaggu ne. Tsofaffin taraktoci da yawa kuma ƙafar fositib ta batir ce ke haɗe da jikin ƙarfe, ga akwatin lantarkin da aka sayo bai san wannan zance ba, juya masa waya sau ɗaya ya ishe shi mutuwa, kuma ba a gyara shi da fayil a bakin gona.

Hujja ɗaya tak da masu distiribita ke da ita mai ɗan nauyi ita ce tana matso da lokacin wuta gaba gwargwadon gudun inji, maganeto kuwa da ya tashi wuri ɗaya yake tsayawa. Wannan magana ce ta motar da ke hawa da sauka a titi. John Deere A juyi 975 take yi a minti, gwamnan inji, wato na'urar daidaita gudu, ya riƙe ta a nan daga safe har yamma, to ina za a matsa a je? Batun fitila da sitata kuwa ba hujja ba ce, domin taraktoci da yawa sun fito daga masana'anta da batir don waɗannan, maganeto kuma na gefe yana aikinsa.

Ba na cewa a bi Ferguson TE20 ko Ford 8N da suka zo da distiribitarsu a cire musu ita. Wanda aka ƙera da ita a bar masa, kuma wanda gangar maganetonsa ta tsage babu madadi, ya sa abin da ya samu. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a mayar da kasawar bakanike ta zama laifin inji. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce masu iya buɗe maganeto sun ƙaranta, na bayansu kuma sauya kaya suka koya, ba gyara ba. Mai shago ya fi samu idan ya sayar maka da kwali guda a kan ya sayar maka da kondensa ɗaya. Sai su haɗu su ce maka abin ya mutu, kai kuma ka biya kuɗi a ƙara maka hanyoyin lalacewa.

Makarantun koyon sana'a su dawo da wannan darasi, tsofaffin makanikai su zaunar da yaransu su buɗe ɗaya a gabansu. Kafin nan, duk bakaniken da ya ce maka maganetonka ya mutu, ka ce ya ciro shi, ya kusanto da wayar fulogi jikin ƙarfe, ya murɗa a gabanka. Kuma ka sa masa ido kada ya jona wayar kashe inji da batir. Wayar nan jikin ƙarfe kawai take taɓawa ta kashe wuta, idan aka ba ta wutar batir koyil na ciki ne zai ƙone, sannan ya juyo ya ce ai dama ya faɗa maka.