Wai sun yi ƙanƙanta da Gidan Makama

Wai na wahalar da yara. Wai "Hajiya, me ɗan shekara biyar zai gane a Gidan Makama, ai da wajen lilo kika kai su." Kun dai ga maganar a ƙarƙashin hotunan da na sa na ranar Asabar da na kai jikokina Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, ba sai na kira suna ba, mai ita ta san kanta. Na so in bar ta ta wuce, sai na ga har 'yan amshin shata sun taru a ƙasa, kowa da tasa fatawar a kan jikokin da ba shi ya haifi iyayensu ba. To ku matso ku ji: babu yaron da ya yi ƙanƙanta da ganin garinsu.

Yaron nan da kuke tausaya wa, shi yake ɗaukar wayar uwarsa ya buɗe ta da kansa, ya nemo katun ɗin da yake so, ya tsallake talla. A nan bai yi ƙanƙanta ba. Ku kwashe shi ku kai shi kantin zamani ya yi ta hawa benen lantarki yana sauka har magariba, nan ma bai yi ƙanƙanta ba. Sai da aka zo nuna masa ƙyauren ƙofar garin kakanninsa sannan ya koma jariri. Sannunku da tausayi.

Kuma wa ya ce muku darasi na je ba su? Tun a zaure angona ya dafa bango ya ce, "Hajiya, me ya sa nan akwai sanyi kuma babu fanka?" Shi ya yi tambayar, ban sa shi ba. Na ce ginin ƙasa ne, dubi kaurin bangon, ɗaga kanka ka ga azara. Na gaya masa gidan ya haura shekara 500, an gina shi ne don Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau sarautar Kano a 1463, kuma shi ne ya gina fadar da muka wuce a hanya, ya kafa Kasuwar Kurmi inda nake sayo musu takalman Sallah. Ya riƙe shekarar? Ina fa! Abin da ya riƙe shi ne wani sarki ya taɓa kwana a gidan, kuma yau ga ƙafarsa a ciki. Da muka koma gida da wannan labarin ya tari ubansa tun daga bakin ƙofa. Ni wannan ya ishe ni.

Wajen tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari kuwa, da ƙyar na janye su. Wa yake iya rufe wannan? Idan mutum ya makara a waje fa? Kura za ta cinye shi? Na ce akwai sarkin ƙofa, da almuru yake rufewa, wanda ya makara sai ya jira gari ya waye. Daga nan maganar ta kai mu 1903, shekarar da Turawa suka taso daga Zariya da igwa suka shigo ta wajen Kabuga, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, daga baya aka kama shi, a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa. Yaran nan kusan kullum sai an bi da su ta Kabuga. A wurinsu wajen gadar ƙasa ne da cunkoson adaidaita sahu. Yanzu sun san ƙofa ce, an taɓa yin yaƙi a kanta. Wannan ne suka yi ƙanƙanta da shi?

Wata kuma ta ce ai duk ana iya nuna musu a waya. Allah sarki. Nuna masa sulke a waya, ki ga ko zai tambaye ki yadda mutum yake numfashi a ciki. Gani ya kori ji. Mai cewa tsohon gini ba ya rasa iskoki, ita kam ba ni da amsarta, sai dai in tuna mata cewa wani ɓangare na gidan nan makarantar firamare ce, yara na shiga suna fita shekara da shekaru. Kuma ita wadda ta fara maganar, hotonta yana nan a shafinta, ta sha gilashi a gaban dalar Masar, har da ɗan autanta a kafaɗa. Kabarin Fir'auna bai yi wa goyo nauyi ba, gidan Rumfa ne ya fi ƙarfin ɗan shekara biyar.

Bari in ajiye wasa. A ɗakin da aka yi jeren amaryar da, kishiyata ta tsaya tana kallon ƙore da tasoshi, ta ce, "To ina talabijin ɗinta?" Na yi dariya, amma zuciyata ta karye. Irin wannan ɗakin na buɗe ido na gani. Ɗakin kakata ne sak, inda take zama da mazari tana kaɗi, muna kwance a gefenta tana yi mana gatana har barci ya kwashe mu. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, ya san aikinsa kuma ya yi haƙuri da surutunsu. Amma shi zai ce wannan kaza ne, ana yin kaza da shi. Ni ce kawai zan iya cewa da irin wannan kakar kakarku take dama fura, kuma ranar da na fasa mata ɗaya na sha rankwashi. Mu ne ragowar waɗanda suka ga kayan nan ana aiki da su. Idan aka ce a jira yara su girma, to a tambaye mu ko mun karɓo takardar cewa za mu jira su. Sa'o'ina nawa muka raka bana kaɗai? Shi ya sa nake gaggawa, kuma ba zan bai wa kowa haƙuri a kan haka ba.

Eh, sun gaji. Ƙaramar ta yi kuka, an nemi banɗaki, an nemi ruwa, ba mu gama ɗakunan ba muka fito. Sai me? A wajen lilon ba sa kuka? Abin da na biya a ƙofa bai kai kuɗin shawarmar da iyayensu ke saya musu ba. Za mu koma mu ƙarasa. Daga nan sai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, su ga inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, tunda kullum sai an yi dambe kafin su sa kayan makaranta, gara su san wanda ya jawo musu. Sai marinar Ƙofar Mata su ga yadda farin ƙyalle ke shiga rami ya fito shuɗi. Dala kam sai gwiwata ta yarda. Ke ta Daura, Kusugu na nan. Kai na Katsina, ka taɓa kai jikanka gindin Gobarau, ko kai ma daga mota kake hango ta?

Af, tunda maganar tasoshi ta taso: wadda ta ari manyan tasoshina na jan ƙarfe da bikin 'yarta, amaryar nan fa har ta yi yaye. Na kayan ɗakin mahaifiyata ne, ba a samun irinsu a kasuwa yanzu ko da kuɗinka. Na san kina karantawa, don ke ma kin danna alamar dariya a wancan sharhin. A aiko min da su kafin Juma'a, kuma da murafensu.