Sharar da muke zubawa a kwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, akwai ɗabi'ar da muka saba da ita har ta daina ba mu kunya. Da hadari ya haɗo, sai a tura yara su juye shara a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ya tafi da ita ina?

Leda ba ta ruɓewa. Rana ta gasa ta, ruwa ya yi ta goga ta da yashi, sai ta farfashe ta koma ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba, wani ma ido ba ya ganinsa. Da yawansa nutsewa yake yi ya kwanta cikin lakar gindin kogi. A 2018 masu bincike na Jami'ar Manchesta sun samu ƙwaya wajen 517,000 a murabba'in mita ɗaya na gindin Kogin Tame a Ingila. Ƙasar da motar shara ke bin gida-gida ke nan. To ka tuna abin da rafin Jakara ke kwasowa daga cikin Kano har dam ɗin Wasai.

Tsutsotsin laka suna haɗiye ɓurɓushin nan, tarwaɗa da ƙurungu masu kiwo a ƙasa su ci su. Ciki ya cika da abin da ba abinci ba, dabba ta kasa girma. Kuma a 2022 an gano irin wannan ɓurɓushi a jinin mutum 17 cikin 22 da aka gwada a Holan.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratur Rum, aya ta 41, ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Annabi (SAW) kuma, a ruwayar Abu Dawud, ya ce mu ji tsoron abubuwa uku masu jawo tsinuwa, na farkonsu yin bahaya a mashayar ruwa. Bahaya fa ƙasa na cinye shi cikin makonni. Ina ga robar da za ta riski jikokinmu?

Abin takaici, za ka ga mutum ya yi alwala da ruwan leda a ƙofar masallaci, ya yar da ledar nan take, ya shiga sahun farko.

A ajiye buhu a tsakar gida da bakin masallaci a riƙa tara leda da gorunan roba, masu jari-bola suna sayen gorunan. Limamanmu kuma, don Allah a taɓo wannan a huɗuba kafin damina ta kankama.