Korar Xabi Alonso: An bar jaki ana dukan taiki a Real Madrid

Tun ranar Litinin ɗin da Real Madrid ta fitar da sanarwar raba gari da kocinta Xabi Alonso nake jin wata magana guda ana ta maimaita ta a majalisu da gidajen kallon ƙwallo da Facebook, wai Madrid ta fi ƙarfinsa, wai dama shi kocin ƙananan ƙungiyoyi ne, wai bai iya riƙe manyan 'yan wasa ba. Wallahi maganar nan ta fi korar kanta ɓata min rai, domin kora dai mun saba da ita a Madrid, amma a ce mutanen da suke biyan kuɗin shiga gidan kallo duk mako, suna kallon wasan nan da idonsu, su ne za su karɓi wannan labarin su haɗiye ba tare da sun tauna ba, abin da ciwo.

Sanarwar ta ce da amincewar ɓangarorin biyu aka rabu. To kowa ya san yadda irin wannan amincewar take. An yi wasan ƙarshe na Super Cup a Jidda ranar 11 ga Janairun 2026, Barcelona ta ci 3-2, washegari mutumin da aka bai wa kwantiragin shekara uku har zuwa 2028 ya kwashe kayansa bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. Wasa 34 ya jagoranta, ya ci 24, ya yi canjaras 4, aka ci shi 6, kuma maki huɗu ne tsakaninsa da Barcelona a teburin La Liga alhali rabin kaka na nan gaba. Don Allah a wace ƙungiya ce wannan ya zama laifin kora?

Mu koma kan maganar cewa bai san manyan 'yan wasa ba. Haba jama'a, Xabi Alonso fa ake magana. Mutumin da ya buga wa Sifaniya wasa 114, ya ɗauki kofin duniya a 2010 da kofin nahiyar Turai sau biyu, ya ci ƙwallon da ta farke wa Liverpool 3-3 a Istanbul a 2005, ya yi shekara biyar a ɗakin canza kaya na Madrid ɗin nan tare da Cristiano Ronaldo da Sergio Ramos da Casillas a lokacin da ɗakin ya fi ko yaushe zafi zamanin Mourinho, daga nan ya wuce Bayern ya zauna ƙarƙashin Guardiola. Shi ne yau ake cewa bai san yadda ake zama da masu suna ba? Cikin yaran da ke Madrid yanzu wa ya ga abin da Alonso ya gani a ƙwallo? Ai ya fi su sanin gidan, don sanda yake buga tsakiya a Bernabeu da yawansu ko makarantar sakandare ba su shiga ba.

Su kuma masu cewa nasarar da ya samu yana kocin Bayer Leverkusen ta Jamus sa'a ce, su je su sake duba tarihi. A watan Oktoban 2022 ya karɓi ƙungiyar tana ta biyun ƙarshe a teburin Bundesliga. Shekara ɗaya da rabi bayan nan ya ɗauki kofin da ƙungiyar ba ta taɓa ɗauka ba tun kafuwarta, maki 90, wasa 34 babu wanda ya doke shi, abin da ko Bayern ba ta taɓa yi ba, kuma Bayern ɗin da ta jera shekara 11 tana lashe gasar ya lallasa ta 3-0 a watan Fabrairun 2024. Mu 'yan Najeriya ma bai kamata a ba mu labarin nan ba, don da Victor Boniface da Nathan Tella aka yi aikin, Boniface ne ya fara cin fenareti ranar da suka doke Werder Bremen 5-0 suka tabbatar da kofin, kuma ɗan ƙasarmu Ademola Lookman ne ya kawo ƙarshen wasa 51 da suka jera ba a ci su ba, da ƙwallo uku rigis a wasan ƙarshe na Europa a Dublin. Sa'a tana iya ba ka wasa biyu ko uku, ba ta ba mutum wasa 51. Abin da ya yi a can aiki ne, ya ɗauko Xhaka da Arsenal ta gaji da shi ya damƙa masa tsakiya, ya ɗauko Grimaldo kyauta daga Benfica, ya koya wa kowa inda zai tsaya da lokacin da zai ruga, ƙwallo ta kuɓuce kowa ya bi ta har ɗan gaba.

To wannan ne mutumin da shugaban Madrid Florentino Perez ya ɗauko, kuma ya san shi sarai kafin ya ɗauko shi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. An kawo shi ne saboda kakar ƙarshe ta Ancelotti, kocin da ya gada, ta nuna lallashi ya daina aiki, Barcelona ta ci Madrid sau huɗu a kaka ɗaya, har da 4-0 a Bernabeu da 5-2 a Jidda, Arsenal ta fitar da ita daga Champions League da 5-1 gida da waje, ana ta kukan cewa 'yan gaba ba sa gudu ba sa komawa baya. Magoya bayan da yau suke cewa a nemo mai lallashi irin Ancelotti su ne dai a kakarsa ta ƙarshe suke zagin Ancelotti cewa tsoho ne ba shi da tsari sai tauna cingam. Mutum ya tsaya a kan magana ɗaya mana.

A ganina ranar da aka kori Alonso ba 12 ga Janairu ba ce, tun 26 ga Oktoba aka gama da shi, ranar da ya ci El Clasico 2-1. Ya cire Vinicius saura kusan minti ashirin a tashi, yaron ya fito yana ta ɗaga hannu yana faɗa a gaban duniya, ya wuce kocinsa ya shige ciki. Bayan kwana uku ya rubuta neman afuwa, ya ambaci magoya baya, ya ambaci abokan wasansa, ya ambaci kulob da shugaban kulob, sunan koci ne kawai babu. Kulob kuma ya yi gum, babu hukunci, babu wani babba da ya fito ya ce koci ne mai iko a nan. Duk wanda ya taɓa riƙe ko da shago ne da yara biyu ya san ma'anar wannan, ranar da yaron shago ya ɗaga maka murya a gaban kwastoma mai dukiya kuma ya kawar da kai, to daga ranar umarninka ya zama shawara, wanda ya ga dama ya ɗauka.

A duba sakamako a gani. Zuwa farkon Nuwamba Madrid ta ci wasa 13 cikin 14 na farkon kaka, tana saman teburi da tazarar maki biyar. Daga nan aka fara zubewa, Liverpool ta ci a Anfield, aka yi canjaras da Rayo da Elche da Girona, Celta ta zo har gida ta ci 2-0, Manchester City ta biyo baya. Kocin da ya iya aikinsa a watan Oktoba ba zai wayi gari a Nuwamba ya manta ba, abin da ya canja shi ne 'yan wasa sun gane wa ke da kunnen shugaba.

Eh na yarda Alonso ya yi kurakurai, 5-2 da Atletico ta yi masa a Satumba abin kunya ne kuma shi ya tsara wasan. Amma babban kuskurensa a wurina shi ne sassautawar da ya yi daga baya, ya bar tsarin nasa yana ƙoƙarin faranta wa kowa, ƙarshe bai tsira da tsarin ba bai tsira da aikin ba.

Ga misali a kusa, kuma shi ma ɗan Sifaniya ne. Kocin PSG Luis Enrique ya ajiye Dembele gaba ɗaya bai tafi da shi wasan Arsenal ba a Oktoban 2024 saboda rashin ɗa'a, PSG ta sha kashi a wasan, shugabannin kulob ba su kira koci sun ce ya ba yaro haƙuri ba. Wata takwas bayan nan PSG ta yi wa Inter 5-0 ta ɗauki Champions League karon farko, Dembele ɗin da aka hukunta ya zama wanda ya fi kowa bin masu tsaron baya da gudu, ya ƙare da Ballon d'Or. PSG ɗin ce kuma ta yi wa Madrid 4-0 a gasar kulob-kulob ta duniya a Amurka, gasar da aka jefa Alonso cikinta ko sati biyu bai yi da 'yan wasan ba. Bambancin Enrique da Alonso ba ilimin ƙwallo ba ne, shi dai ɗaya an tsaya masa.

Sannan akwai maganar da ba a son yi, wato tsakiya. Kroos ya yi ritaya a 2024, Modric ya tafi AC Milan a 2025, ba a sayo kowa ya maye gurbinsu ba. An sayo Trent da Huijsen da Carreras da Mastantuono, duk babu mai riƙe ƙwallo ya tsara wasa, Zubimendi da ya taso a hannun Alonso a Real Sociedad ana kallo ya tafi Arsenal. Ka ɗauko kocin da duk rayuwarsa a tsakiyar fili ya yi ta, ka hana shi ɗan tsakiya, ka dawo ka ce wasansa ba ya burgewa.

Kuma ba yau Perez ya fara ba, musamman a kan kociyoyi 'yan gida. Del Bosque ya ci Champions League biyu da La Liga biyu, a 2003 kwana ɗaya bayan ɗaukar La Liga aka ce masa ya tafi, Madrid ta zauna har 2007 ba ta sake ganin kofin ba, shi kuwa ya je ya ɗauko wa ƙasarsa kofin duniya. Benitez wata bakwai ya yi. Lopetegui da ya rasa aikin horar da Sifaniya saura kwana biyu ta buga wasanta na farko a kofin duniya na 2018 saboda ya amsa kiran Madrid, wasa 14 aka ba shi. Masu kare Perez za su nuno min kofunan Champions League da ke cikin gilas, na gan su, amma Ronaldo da Kroos da Modric da suka kawo su ba sa nan yanzu.

Arbeloa da aka ɗora a madadin Alonso, wasansa na farko Albacete ta rukuni na biyu ta fitar da shi daga Copa del Rey da 3-2. Ban ga laifinsa ba, shi ma abin da ya tarar ke nan. Abin da Madrid ke buƙata a sayo ɗan tsakiya na gaske, a samu daraktan wasanni da zai tsaya tsakanin ɗakin 'yan wasa da ofishin shugaba, kuma mambobin kulob su fara tambaya, duk da dai ƙa'idar takara ta shekara 20 ta zama mamba da ajiye garantin kashi 15 na kasafin kuɗi ta sa a Janairun 2025 ma Perez shi kaɗai ya tsaya babu abokin hamayya, aka kuma ba shi wa'adi har zuwa 2029.